Sawun da Ya Fito a Cikin Toka

Kyanwa ce ta fara ɓata. Ba wanda ya damu in ban da 'yar autar Kawu, wadda ta raine ta tun idonta bai buɗe ba, har ta ɗaura mata jan zare a wuya. Ta yi kuka kwana biyu, aka ce mata mage ce, in ta gaji da yawo za ta dawo. Bayan kwana huɗu aka tarar da kaji bakwai a mace cikin akurki. Nan ma aka ce tsautsayi ne. Sai ranar da aka wayi gari da rago balami kwance cikin laka, cinyarsa a yage, sannan manya suka tsaya cirko-cirko.

A watan Mayun 2025 ne, saura 'yan makonni a yi Babbar Sallah, wadda ta faɗo ranar 6 ga Yuni. Na je Inugu in taya kawuna riƙe littafin ciniki, don a lokacin layya hannu biyu ba sa isarsa. Ya haura shekara talatin yana fataucin tumaki da awaki a can. Shingensa yana bayan gari, gaba da kasuwar Gariki ta Awkunanaw, inda gidaje suka ƙare, ƙasa ta zabtare ta zama kwari mai zurfi, cike da ciyawa da itatuwan kwakwar manja. Hausawa ba baƙin jiya ba ne a garin. An gano kwal a 1909, jirgin ƙasa ya iso daga Fatakwal a 1916, mutanenmu suka biyo da shanu da fatauci, har Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Duk da haka, wanda ke zaune a garin wasu ya san ƙaramar magana kan zama gobara. Shi ya sa mushen rago guda ya tayar mini da hankali fiye da kimarsa.

Ga abin da muka gani da safen. Ragon ya mutu, amma ba a ci abin kirki a jikinsa ba. Cinya a yage, bindi a tsinke, kunne ɗaya kamar an bi shi da almakashi. Wasu raguna biyu suna da rai, sai dai kunnuwansu sun tsattsage. Wannan ita ce asarar da ba ta fito fili ba, domin a fikihun Malikiyya dabbar da ta rasa fiye da sulusin kunnenta ba ta yin layya, kuma rago in ya tashi daga na layya ya koma na mahauta, kuɗinsa ya faɗi warwas. Sawu kuwa ruwan asuba ya wanke rabi, yaran shinge sun tattake sauran. Abu ɗaya ya rage a gefen da rufin kwano ya kare: wani siririn layi a cikin laka, yana lanƙwasa, ya taho daga bakin kwari ya shige ta ƙarƙashin shinge.

Kafin azahar kowa ya yanke hukuncinsa. Wani yaro ya rantse kura ce. Ya ce makonni da suka wuce ya ga gardawa a bakin titi da kurarsu da goggon biri, kuma layin nan jan sarƙarta ne, ta tsinke ta gudu. Aka yi masa dariya. Mai filin da Kawu ke haya, wani dattijon Ibo, ya duƙa ya dubi layin, ya miƙe ya ce maciji ne. Babban ɗan Kawu ya ce dila. Wani kuma, da murya ƙasa-ƙasa, ya ce ba dabba ba ce, mutum ne, ana so a kore mu daga wurin. Kawu ya juya ya dube shi ya ce, “Kar in ƙara jin wannan a bakinka sai ka zo da shaida.” Daga nan bai sake magana ba sai bayan la'asar.

Kura ce ta fi sauƙin wankewa. Kawu ya tashi a ƙauye, ya san aikinta tun yana kiwo. Kura ba ta barin tsoka, ba ta barin ƙashi. Haƙoranta na farfasa ƙashin cinyar sa, shi ya sa kashinta kan bushe fari fat. Da ita ce, da ƙaho da kofato kawai za mu tarar, ko ma ta ja shi zuwa kwari. Ban da haka, kurar daji ta daɗe da ƙaura daga wannan yanki, sai gandaye irin su Yankari da Gashaka-Gumti. Ta gardawa kuwa jarinsu ce, da takunkumi take kwana, kuma da ta kuɓuce da garin duka ya sani. Kura dai ta saba, ita ke shan bugu gardi na karɓe kuɗi.

Maciji ya fi wuyar sha'ani, ba don hujjar ta fi ƙarfi ba, sai don abin da zai biyo baya. Mai filin ya roƙi Kawu cewa in mesa ce kada a kashe ta, a kira shi. Ban gane nauyin maganar ba sai da na raka mota mai raguna zuwa Anaca bayan kwana biyu. Hanya ce ta wajen kilomita 100, ta bi ta Ugwuoba da Amansea, inda manyan kasuwannin shanu suke. Da ka kusa shiga Anaca kana cikin ƙasar Idemili ne: Ogidi, garin su Chinua Achebe, da Nkpor da Obosi. A nan akwai wani maciji da suke kira eke, wanda a al'adarsu ba a kashe shi. In ya shiga ɗaki, da sanda ake ɗauke shi a hankali a kai shi waje, kuma wanda ya kashe shi sai ya yi masa jana'iza. Ka ƙaddara a ce wani bahaushe ya sare kan irin wannan maciji ya rataye a bakin shinge.

Kawu ya ba ni saƙo wurin wani tsohon abokinsa, maharbi ne a da, yanzu ƙafa ta gaza, yana shimfiɗar magani a unguwar Hausawa, ba nisa da gadar Neja ta 1965. Na same shi a kan buzu, gabansa saiwoyi da fatu da ƙahonni da kawunan tsuntsaye busassu. Na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya bar ni na gama sannan ya fara tambaya.

“Ragon yana nan ko ya ɓata?”

“Yana nan, Baba.”

“To ba mesa ba ce. Mesa ba ta yanka, ba ta yaga. Naɗe dabba take yi ta matse har rai ya fita, ta haɗiye ta ɗungurungum, ta kwanta makonni ba ta neman komai. Wanda mutanen nan ke girmamawa kuma ƙarami ne, da kyar ya wuce tsayin yaro, ɓeraye yake ci. Ku bar musu abinsu.”

Sai ya koma kan kajin, abin da ni na ɗauka ƙaramin lamari ne. Ina ne raunin? A kai da wuya. An ci naman? Kaɗan. Ta ina aka shiga? Na ce akwai wata 'yar kafa a ƙasan akurkin, dunƙulen hannu zai shige. Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, kun haɗa shari'a biyu a zama ɗaya. Abin da ya shige kafar da ba ta wuce dunƙulen hannu ba, ba shi ne ya kayar da balami ba. Na kaji inyawara ce ko tunku. Ku toshe kafar da waya, ku manta da shi. Na ragunan daban.” Wannan ita ce tsinkewar ƙulli ta farko, kuma na ji kunyar cewa mu goma sha wani abu muna tsaye a kan abin kwana da kwanaki, ba wanda ya raba su.

Na tambaye shi layin fa. Ya ce ba zai yi shaidar abin da bai gani ba. Amma ya koya mini dabara: a tara tokar masu gashi da masu shayi, a tankaɗe ta, a shimfiɗa a gefen da ruwa ba ya taɓawa, faɗin taku biyu, a share ta sumul da magariba, a hana kowa bi. “Ƙasa ba ta iya ƙarya,” in ji shi, “mutane ne ke tattake maganarta.”

Na dawo Inugu na tarar magana ta tsaya a kan dila. Ɗan Kawu ya cika wayarsa da bidiyon maharban Amurka, suna kwanto da dare a gonaki da bindigogi masu madubin ganin zafin jiki, suna kunna na'urar da ke kukan zomo, dabbar na zuwa suna harbewa. Dilan can ne, wanda suke kira koyoti, kuma dalilin da suke bayarwa irin namu ne: yana cin 'yan tumaki, yana ɗauke kyanwoyi da ƙananan karnukan gida. Zumuncin ma ba na kama kawai ba ne. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa dilan da muka sani a Sahel ya fi kusa da kyarkecin Turai da koyoti fiye da dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su.

Na ce masa ya kalli ɗaya ɓangaren labarin. Tun 1931 Amurka ke da dokar da ta ɗora wa gwamnati yaƙi da dabbobi masu ɓarna, kuma har yanzu wani sashe na ma'aikatar gonarsu na kashe koyoti sama da 50,000 a shekara, ban da na maharba masu zaman kansu. Sakamakon? Dabbar da a da ba ta wuce filayen yamma da tsakiyar ƙasar ba, yau tana kowace jiha in ban da Hawai, har cikin birnin Chikago. An kawar mata da kyarkeci, babban abokin gabarta, kuma in aka rage yawanta abinci kan wadata ga sauran, matan su haifi 'ya'ya da yawa, wasu su shigo daga nesa su cike gurbi. Masu binciken da ke bin su a Chikago tun shekarar 2000 sun duba kashinsu, suka ga akasarin abincinsu ɓeraye ne da zomaye da 'ya'yan itace da naman barewa. Kyanwa kaso ne ɗan kaɗan. Mutanen da ke da harsashi kamar ƙasa ba su gama da nasu dilan ba cikin shekara casa'in.

Sannan dilan da ake iya samu a dajin da ke arewa da Inugu, mai zane a haƙarƙari da farin bakin wutsiya, ƙarami ne, da wuya ya kai kilo 15. Ƙwari yake ci da ɓeraye da 'ya'yan itace da mushe. Balami ya ninka shi sau huɗu ko biyar. Amma ban iya rantsewa ba, don ni ma a raina dila nake zargi. Tun muna yara tatsuniya ta cusa mana cewa duk wata dabara ta dare tasa ce.

Shawara biyu aka kawo wa Kawu, ya ƙi duka. Ta farko, a kira maharba daga gida su yi kwanto. Bai ko bari an ƙarasa ba. Wata biyu kacal ke nan da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo, a ƙarshen Maris, inda aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan jihar Kano daga wajen Fatakwal za su gida Sallah, aka ga bindigoginsu na farauta, aka kashe mutum 16. “In bindiga ta tashi a nan da tsakar dare,” in ji Kawu, “ba wanda zai tambaya ko dila aka harba.” Ta biyu, a zuba guba a mushe a ajiye a bakin kwari. Wannan ta fi samun magoya baya, don ba ta da ƙara. Kawu ya tuna musu watan Yunin 2019, lokacin da aka ga gomman ungulaye sun zube matattu a kasuwar Eke Ihe ta ƙaramar hukumar Awgu, nan cikin jihar, jita-jita ta bazu cewa nama ne mai guba, mutane suka ƙaurace wa nama. Su wa suka kwana a ciki? Masu shanu da mahauta da masu tsire. Guba kuma ba ta zaɓe: kaza za ta ci, kyanwa za ta ci, ruwa ya wanke saura zuwa rafin da ake ɗiba.

Muka shimfiɗa toka. Daren farko ba komai sai sawun ƙadangare da gafiya. Na biyu haka. A dare na uku, wajen ƙarfe uku, tumaki suka rikice da gudu suna bugun kwano. Kafin yara su kunna tocila abin ya tsere. Aka tarar da rago uda yana shure-shure, ya cika kafin a kawo wuƙa. Ya zama mushe, kamar yadda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta hukunta a kan abin da namun daji suka kashe ba a riske shi da yanka ba.

Allah da ikonsa, a daren muna da baƙo, wani mahauci daga Fatakwal da ya zo sayen raguna. Ya yi shekaru a mayankar Trans-Amadi kafin gwamnatin Ribas ta rufe ta a 2021. Da gari ya waye ya ce kada a jefar da mushen, a ba shi wuƙa. Ya feɗe shi a natse kamar na sayarwa, ya baje fatar ta ciki, ya kira Kawu.

“Alhaji, dubi nan. Duk inda ka ga jini ya taru ya yi baƙi a ƙarƙashin fata, an ciji dabbar ne tana da rai. Cizon da aka yi wa mushe ba ya tara jini. To ƙirga: cinya, cinya, ciki, bindi, kunne, hanci. Yanzu dubi maƙogwaro.”

Maƙogwaron lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Ya ce namun daji don ciki suke kisa, kuma ba sa ɓata ƙarfinsu. Dila maƙogwaro yake kamawa ya riƙe har numfashi ya ɗauke, sannan ya huda ciki ya fara da hanta da zuciya. Damisa wuya take karyawa ta ja abinta ta ɓoye. Wanda ke bin dabba ta baya yana cizo ko'ina, ya raunata uku ya kashe ɗaya, ya tafi bai ci ba, ba yunwa ce kaɗai ke korarsa ba, gudun tumakin ne ke zuga shi. Ya sa tsinke ya auna tazarar ramukan fiƙa a wurare daban-daban. Tazarar ba ɗaya ba ce. “Baki uku ne ko huɗu,” ya ce. “Karnuka ne.”

Muka nufi toka. Abin ya fito kamar rubutu a allo. Sawu ne masu yatsu huɗu da alamar farce, wanda ya fitar da duk dangin kyanwa, don su a ɓoye suke tafiya da faratansu. Sawun dila siriri ne mai tsawo, kuma tafiyarsa miƙaƙƙiya ce, kamar mai bin igiya. Waɗannan masu faɗi ne, yatsu a baje, sun yi nan sun yi can kamar yara a filin biki. Girma huɗu muka ƙirga. A gefen mafi girman kuma ga layin nan, wannan karon tsaf, da 'yan ƙananan dage-dage a jere, tazara daidai wa daida. Yaron da aka yi wa dariya ya matso ya duba, bai ce uffan ba, sai ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Sarƙa ce. Dabbar kawai ya kuskure.

Karen da ke jan sarƙa yana da ubangida. Nan zuciyata ta sake bugawa, don in na maƙwabci ne, mai maganar “ana so a kore mu” ya samu abin riƙewa. Kawu ya ce mu uku kawai za mu bi sawu: shi, da ni, da mahaucin.

Layin ya gangara kwari. Tun kafin mu kai ƙasa wari ya tare mu. A can gindi, inda ba a hangowa daga sama, mushe ne birjik: tumaki, awaki, ɗan maraƙi, wasu sun zama ƙashi, wasu na kwana biyu. Ban buƙaci a gaya mini daga ina suke ba, don ni ke rubuta su a littafi. Motocin da ke tasowa daga Potiskum da Maigatari da Mubi suna kwana biyu ko uku a hanya, ta Makurɗi da Obollo-Afor, dabbobi a cunkushe hawa-hawa, kuma da wuya mota ta iso ba a sauke matacce ba. Gab da Sallah motoci sun ninka, mushe ya ninka. Ni ina rubuta “biyu sun mutu”, yara suna ja su wurga a kwari. Ciyawar wurin ta kwanta, ga makwancin karnuka, ga kashinsu cike da farin gashin tumaki. A kan wata ƙaya na ga guntun fata mai launin toka da jan zare. Na cire na sa a aljihu, ban nuna wa kowa ba sai Kawu.

Layin bai tsallaka zuwa gidajen 'yan gari ba. Ya zagaya ya hau ta wata 'yar hanya, ya dawo ɓangarenmu, ya ƙare a filin da manyan motoci ke sauke kaya. A can, ƙarƙashin wata tsohuwar tirela, wani jibgegen kare ja yana barci, ɗaure da turkensa, toka a ƙafafunsa. Karenmu ne. 'Yan kasuwar ne suka haɗa kuɗi suka saye shi shekara biyu da suka wuce, saboda ɓarayin batir da man mota. Ana zaton wuta a maƙera.

Maigadin, dattijo ne mai tsoron Allah, bai yi musu ba. Ya ce tun azumi aka daina ba shi kuɗin abincin karen. Kowa na cewa wane ne bai biya ba. Kare ya rame, yana kuka duk dare, shi kuma ba zai iya kallon dabba a ɗaure tana yunwa ba. Sai ya riƙa sakinsa bayan sha biyu ya je ya nemi abinci, da asuba ya dawo da kansa. Kawu ya ce, “To me ya sa da sarƙar?” Ya ce, “Alhaji, ni da nake sallar dare, ba na son yawunsa ya taɓa ni. Ta wajen turke nake kwancewa.” Kawu ya yi shiru, don yana cikin waɗanda ba su biya ba.

Sauran ukun na sake ne, marasa gida, irin waɗanda ke bin kwata. Mahaucin ya ce ya san halinsu a Fatakwal: muddin akwai jini da tumbi da ƙashi a zube, karnuka za su taru su hayayyafa, kuma kare ɗaya da ke tsoron rago, in sun zama huɗu ya daina tsoro. Sun saba da ɗanɗanon tunkiya a kwari, ga masu rai a sama, shinge kuma ruwa ya zaizaye ƙasansa.

Abin da ya rage mini shi ne: me ya sa yanzu? Ai shekara talatin ana jefa mushe a kwarin nan. Mahaucin ne ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, “Alhaji, ina ungulayenku?” Kawu ya dubi sama shi ma. Ya ce da can in aka jefa akuya da safe, kafin azahar sai ƙashi. Rufin rumfuna baƙi ƙirin da su. Bai iya tuna ranar da suka daina zuwa ba. Ba a Inugu kaɗai ba ne. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa ungulun nan tamu ta kwata cikin rukunin da ke gab da shuɗewa, kuma a Najeriya babban dalili shi ne farautarta don tsibbu da magani, sai guba. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 maganin ciwon jiki na daiklofenak da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayensu, don yana lalata ƙodar duk wadda ta ci mushen. Kafin a hana ba dabbobi shi a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka ƙaru da miliyoyi, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan rabin miliyan cikin shekara biyar. Ina tsaye a bakin kwarin sai shimfiɗar Baba ta Anaca ta faɗo mini a rai. A jerin kawunan tsuntsayen nan, biyu masu sanƙo ne. Na gan su a ranar, ban kawo komai ba.

Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. An haƙa rami mai zurfi nesa da rafi, duk mushe a jefa a zuba farar ƙasa a rufe a ranar. An binne gindin shinge da waya da duwatsu. An kira likitan dabbobi ya yi wa jan karen allurar haukan kare, aka tsare shi ana lura da shi, daga baya aka ba wani mai buga bulo can nesa da dabbobi, don mahaucin ya ce karen da ya koyi bin tumaki ba ya mantawa. Da abinci ya yanke, na saken suka rage zuwa. Masu tarko na gari suka kama biyu. Wani yaro da ya ɓoye cewa ɗayansu ya yage shi a ƙwauri daren da tumaki suka rikice, da kunne Kawu ya ja shi zuwa asibiti. Ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan duka ta cizon kare, kuma in alamunsa suka bayyana sai dai addu'a. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nemi allura a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen.

Kawu ya je har gida ya gaya wa mai filin cewa ba maciji ba ne. Mai maganar “mutum ne” bai ƙara tayar da ita ba. An biya maigadi bashin wata uku. 'Yar auta ta samu wata kyanwar, wadda yanzu a ɗaki take kwana. Jan zaren yana cikin littafin ciniki, ba a gaya mata ba.

Na ƙara kwana goma sha ɗaya a Inugu bayan Sallah, lokacin da kowace kwata da kowane lungu ke cike da tumbi da fata. Kullum da hantsi nakan fita bakin kwarin in dubi sama. Shaho na gani, da hankaki. Ungulu ko ɗaya ban gani ba.